Idan Baƙar Fata Ta Yi Kuɗi, Wariya Ta Ƙare Ke Nan?

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan cin karo da muhawara a Facebook cewa launin fata da jinsi da talauci suna haɗuwa su danne mutum, musamman a Amurka. Ni dai a ganina duk dogon turanci ne. Matsalar ɗaya ce, talauci. Ga Oprah Winfrey nan, mace ce, baƙa ce, amma ta fi miliyoyin Turawa kuɗi. Obama ya yi shugaban ƙasa shekara takwas. In mutum ya yi kuɗi wa zai raina shi? Shin wannan rabe-raben ba raba kan talakawa kawai yake yi ba? Don Allah a fahimtar da ni."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayoyi biyu ka ƙulle wuri guda, gara mu kwance su. Ta farko, ko launin fata da zaman mutum mace ko namiji suna da wani tasiri na ƙashin kansu, ko kuwa duk talauci ne yake sauya suna. Ta biyu, ko da an yarda suna da tasirin, yawan ambatonsu ba ya wargaza haɗin kan masu ƙaramin ƙarfi? Ni malamin nazarin zamantakewa ne, na fi duƙufa a kan ƙwadago da albashi, kuma da wuya zangon karatu ya wuce wani ɗalibi bai tashi ya yi mini irin wannan tambayar ba, galibi ma da sunan Oprah ɗin a bakinsa.

Kana da gaskiya a babban ɓangare. Abin hannun iyaye yana cikin manyan abubuwan da ke nuna makarantar da yaro zai yi da aikin da zai samu da asibitin da za a kai shi in ya kwanta. Wanda ya ce kuɗi ba kome ba ne bai taɓa rasa su ba. Inda na rabu da kai shi ne, talauci ba da ka yake faɗa wa mutane ba. Akwai abin da ke tsara wanda zai faɗa cikinsa da wanda zai daɗe bai fita ba, kuma ko an samu kuɗin, abin da suke saya wa wani ba shi suke saya wa wani ba. Batun Oprah da Obama kuwa, mutum biyu ne cikin baƙaƙen fata sama da miliyan 40. Suna nuna cewa ana iya hayewa. Ba sa nuna mutum nawa ne suka haye, kuma wannan ne abin da ake gardama a kai.

Mata biyar da kamfanin mota

Bari in fara da shari'ar da ta haifar da yawancin wannan muhawarar. A 1976 wata kotun tarayya a jihar Missouri ta yanke hukunci a ƙarar da wasu mata baƙaƙe su biyar suka shigar kan kamfanin General Motors. Wadda sunanta ke kan ƙarar ita ce Emma DeGraffenreid. Kafin 1964, shekarar da aka yi dokar hana wariya a wurin aiki, masana'antar kamfanin da ke St. Louis ba ta ɗaukar mata baƙaƙe ko kaɗan. Bayan doka ta tilasta sai aka fara ɗaukarsu. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1970, kamfanin ya rage ma'aikata bisa ƙa'idar da ke cikin yarjejeniyarsa da ƙungiyar ƙwadago: wanda ya zo a ƙarshe shi ne farkon tafiya. Duk macen baƙa da aka ɗauka bayan 1970 ta rasa aikinta.

Dubi ƙa'idar da kyau. Ba ta ambaci launi ba, ba ta ambaci jinsi ba, kuma ma'aikata ne da kansu suka yi gwagwarmaya suka samo ta don kada manaja ya riƙa korar wanda ya ga dama. Amma wa ya zo a ƙarshe? Wanda aka hana shiga tun farko.

Matan suka ce an yi musu wariya a matsayinsu na mata baƙaƙe. Alƙali ya ƙi sauraron maganar a haɗe. Ya ce a duba wariyar jinsi ita kaɗai: kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, don haka babu ita. Matan da ake nufi farare ne, ma'aikatan ofis. Ɓangaren launin fata kuma ya ce su je su haɗa da wata ƙarar da ke gaban kotu kan kamfanin, wadda ta baƙaƙen ma'aikata ce gaba ɗaya, alhali baƙaƙen da kamfanin ya saba ɗauka maza ne masu aikin ƙarfi a cikin masana'anta. A cewarsa, in aka bar su suka haɗa biyun, an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba, kowa zai zo da nasa haɗin. Gaba kura baya sayaki ke nan: in sun ce mata ne a nuna musu farare, in sun ce baƙaƙe ne a nuna musu maza.

Wannan hukunci ne Kimberlé Crenshaw, malamar shari'a, ta ɗauka a wata maƙala da ta wallafa a 1989. Ta kwatanta lamarin da mutumin da mota ta kaɗe a mararraba. Motoci na zuwa ta gabas, suna zuwa ta arewa, an same shi kwance, amma aka ce ba za a yi masa magani ba sai ya faɗi takamaimai daga wace hanya motar da ta buge shi ta fito. Ba ita ta fara lura da abin ba. Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta, ta yi magana a kansa a wani taron mata a Ohio tun 1851, wata ƙungiyar mata baƙaƙe a Boston ta rubuta shi filla-filla a 1977, masu yaƙi da mulkin wariya a Afirka ta Kudu ma sun daɗe suna maganar zalunci uku da ke kan macen baƙa. Abin da Crenshaw ta yi shi ne nuna daidai wurin da doka ke makancewa. Adalci ne a ƙara da cewa tun 1980 wata kotun ɗaukaka ƙara, a wata shari'a daga Texas, ta yarda ana iya yi wa mata baƙaƙe wariyar da ba ta taɓa maza baƙaƙe ko mata farare ba.

Yadda aka gina talaucin

Za ka iya cewa, ai matan nan ma'aikata ne, talakawa ne, maganata ta tabbata. To sai mu tambaya: me ya sa mata baƙaƙe suka taru a ƙasan tsani?

A 1662 majalisar Virginia, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa. In uwa baiwa ce, abin da ta haifa bawa ne, ko da ubangidan ne ubansa. Wannan ya saɓa wa dokar Ingila kanta, inda ɗa ke bin uba. Da layi ɗaya aka mayar da cikin mace baƙa hanyar ƙara dukiyar ubangida, aka kuma sauke masa nauyin ciyar da ɗansa ko ba shi gado. A cikin wannan dokar, ina za ka sa wuƙa ka ce nan launi ya tsaya, nan jinsi ya fara, nan kuma maganar dukiya ce?

Bayan an soke bauta a 1865, ayyukan da suka rage wa yawancin baƙaƙe a kudancin ƙasar su ne noma a gonar wani da aikin gida. Zuwa 1940, kusan kashi 60 cikin ɗari na mata baƙaƙe masu aiki 'yan aikin gida ne. Sai ga gwamnatin shugaba Roosevelt ta kawo dokokin da suka ɗaga ma'aikacin Amurka: dokar fansho da inshorar rashin aiki ta 1935, dokar 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ta wannan shekarar, da dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938. Dukkansu ukun sun cire ma'aikatan gona da 'yan aikin gida. A dokar fansho, wannan cirewar ta bar kusan kashi 65 na ma'aikata baƙaƙe a waje, fararen kuma kusan kashi 27. Masana tarihi suna saɓani kan dalili. Wasu sun ce 'yan majalisa daga kudu ne suka matsa don kada su rasa aikin arha, wasu sun ce gwamnati ce ta ga karɓar haraji gida-gida da gona-gona zai yi wuya. Ko wanne ne, sakamakon bai canza ba. Sai a shekarun 1950 aka sa 'yan aikin gida a tsarin fansho, sai 1974 mafi ƙarancin albashi ya shafe su, kuma har yau dokar ƙungiyar ƙwadago ta tarayya ba ta rufe su ba.

Abin da aka hana kaka bai tsaya a kanta ba. Macen da ta yi shekara talatin tana wanki da raino ba fansho, 'ya'yanta ne fanshonta, abin da za su tara su sayi gida ya tafi wajen riƙe ta. Haɗa wannan da yadda hukumomin ba da rancen gida suka yi shekaru suna ƙin unguwannin baƙaƙe, sai ka gane alƙaluman da babban bankin Amurka ya fitar na 2022: matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata dala 44,900. Wannan tazarar talauci ce kamar yadda ka faɗa, amma talaucin yana da tarihin da ya zaɓi mutanensa.

Abin da kuɗi ba su saya ba

Yanzu ga gwajin maganarka kai tsaye. In talauci ne kaɗai, to idan aka kwatanta masu hali da masu hali ya kamata tazarar ta ɓace. A wasu wuraren tana raguwa sosai. A ɗakin haihuwa ba ta ɓacewa.

Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe 69.9 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farare kuma 26.6. Shekarar korona ce, alƙaluman sun sauka bayan nan, amma ratar ba ta rufe ba. Kada wannan ya ruɗe ka, na Najeriya ya ninka na baƙaƙen Amurka fiye da sau goma. Ana maganar tazara ce a cikin ƙasa ɗaya mai arziki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rahoton da hukumar ta fitar a 2019 kan shekarun 2007 zuwa 2016, inda ta raba matan bisa ilimi. Macen baƙa mai digiri ta fi farar mai digiri haɗarin mutuwa kusan sau biyar. Ta ma fi farar da ba ta gama sakandare ba. Digiri ya kare farar mace sosai, baƙar kuma kaɗan ya kare ta.

Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tennis baƙar fata, ta ba da labarin kanta. A 2017, kwana ɗaya bayan an yi mata tiyata an ciro 'yarta, ta ji numfashinta na sarƙewa. Ta san ciwon, don ta taɓa fama da daskarewar jini a huhu. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya a yi mata hoton huhu a sa mata maganin tsinka jini, ita kuwa ta ɗauka maganin rage zafi ne ya rikita ta. Sai da ta nace aka yi hoton, aka kuma tarar da gudajin jini a huhun. Wannan mace ce da duk duniya ta san fuskarta, mai kuɗin da za ta sayi ɗakin da take kwance. Labari ɗaya ba hujja ba ne, kamar yadda na ce game da Oprah, amma wannan ya dace da abin da alƙaluman suka nuna, na Oprah kuwa ya saɓa musu.

Ni ba likita ba ne, don haka rabon laifi tsakanin hawan jini, da irin asibitocin da ke unguwannin baƙaƙe, da rashin sauraron majiyyaci, na bar wa masu fannin. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne siffar alƙaluman. Haɗarin na mata ne kaɗai, don namiji ba ya naƙuda. Bai sauka kan mata daidai ba. Kuma ilimi, wanda yake tafiya da samun kuɗi, bai share shi ba.

Ba lissafin tarawa ba ne

Nan ne masu yaɗa wannan ra'ayi a intanet suka fi yin kuskure, kuma ina jin su ne suka sa ka ce dogon turanci ne. Suna maganar kamar lissafi: mace maki ɗaya, baƙa maki biyu, talaka maki uku, wanda ya fi maki ya fi kowa shan wahala kuma ya fi kowa gaskiya. Bincike bai nuna haka ba.

A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa, tare da hukumar ƙidayar Amurka, sun bi sawun yara kusan miliyan 20 da aka haifa tsakanin 1978 da 1983, suka kwatanta kuɗin shigar iyayensu da nasu bayan sun girma. Idan aka ɗauki yarinya baƙa da fara waɗanda iyayensu ke samun kuɗi daidai, bayan sun girma abin da kowacce ke samu da hannunta kusan ɗaya ne. Tazarar tana wajen maza, kuma babba ce. Cikin yara maza da suka tashi a gidajen da ke kashi ɗaya cikin biyar na sama, kashi 39 na fararen sun zauna a sama, kashi 10 suka faɗo can ƙasa. Baƙaƙen kuwa kashi 17 ne suka zauna a sama, kashi 21 suka faɗo ƙasa. Wato ɗan mai kuɗi baƙi, faɗowarsa ta fi zamansa sauƙi. A ƙasan tsanin kuma, cikin mazan baƙaƙe da suka fito daga gidaje mafi talauci, kusan ɗaya cikin biyar yana tsare a gidan yari a ranar da aka yi ƙidayar 2010.

Ka ga a nan zama namiji, wanda a kasuwar aiki gaba ɗaya riba ne, ya zama asara da ya haɗu da baƙar fata, domin yadda ɗan sanda da malamin makaranta da mai ɗaukar aiki suke kallon saurayi baƙi daban ne da yadda suke kallon 'yar'uwarsa. Sannan asarar tana zagayowa ta sami matan. Ko da macen baƙa tana samun albashi daidai da farar, kuɗin da ke shiga gidanta bai kai na farar ba, saboda mijin ko babu shi ko samunsa kaɗan ne. Wannan binciken ya ba wa ɓangarorin biyu kunya. Mai cewa kuɗi ne kawai, ga 'ya'yan masu kuɗi suna zamewa. Mai lissafin maki kuma, ga wurin da namiji ya fi mace shan kashi.

A aji, hanyar da nake bi mai sauƙi ce. Ɗalibi zai kawo mini jadawalin albashi, maza a layi ɗaya mata a ɗaya, yana murna ya gama. Sai in ce ya koma ya sake yanka kowane layi bisa ilimi, ko birni da ƙauye, ko asali. Sau da yawa matsakaicin da ya kawo da farko sai ya zama ba na kowa ba ne: an haɗa likita da mai wanke-wanke an raba biyu. Amma hanyar tana da iyaka, kuma ina gaya musu tun kafin su fara. Duk yankan da ka ƙara, mutanen da ke cikin kowane gida na jadawalin suna raguwa. In ka yanka sau huɗu ko biyar za ka tarar da mutum bakwai a wani gidan, kuma ba a gina hukunci a kan mutum bakwai. Chetty ya iya abin da ya yi ne don yana da miliyoyi. Haka kuma jadawali yana nuna cewa akwai tazara ne kawai, dalilinta sai an shiga tarihi da kotu da bakin mutanen da abin ya shafa.

A wajenmu fa?

Ba a ɗauko rigar Amurka a sa wa kowace ƙasa. A ƙasar Hausa kusan kowa baƙi ne, launin fata ba shi ne babban layin da ya raba mutane ba. Abin da ya yi kama da shi a wasu wurare shi ne asali, wato a ce wane ɗan gida ne, wane kuma jinin bayi ne.

Hadijatou Mani 'yar Nijar ce da aka haifa ga uwa baiwa. A 1996, tana shekara 12, aka sayar da ita kan sefa 240,000 ga wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni, a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ba tare da ɗaurin aure ba. Ta yi kusan shekara tara tana aikin gida da gona, yana kuma kwana da ita. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, a 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Kotun farko ta ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Kotun sama da ita ta soke wannan, bisa hujjar al'ada. Da Hadijatou ta auri wanda take so, aka yanke mata wata shida a kurkuku kan laifin aure kan aure. Sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da wasu lauyoyi suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10.

Da namiji ne aka ba shi takardar 'yanci, ba wanda zai ce masa ai kai matata ce. Da 'yar gida ce, ba a sayar da ita tun farko, kuma da an taɓa ta danginta sun tashi. Bautar ta samu wurin ɓuya ne a cikin sunan aure, kuma mace mai wannan asalin kaɗai za a iya yi wa haka.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar kotu, don yana cikin gidajenmu. Hajiya ma'aikaciya ce, tana fama da raini a ofis don ita mace ce, kuma kukanta gaskiya ne. Amma abin da ya ba ta damar fita ƙarfe bakwai shi ne yarinyar da dillaliya ta kawo daga ƙauye, wadda ta tashi tun asuba ta ɗora ruwa, ta wanke kwanukan jiya, ta shirya yaran da suke kusan sa'anninta suka tafi makaranta ita ta zauna. Kuɗin aikinta ma sau da yawa ba hannunta suke shiga ba. Duk su biyun mata ne. In aka yi taron ci gaban mata, Hajiya ce za ta je, kuma matsalolin da ta sani su za a rubuta.

Shin yana raba kan talakawa?

Wannan tsoron naka ba kai kaɗai ke da shi ba, kuma manyan masana baƙaƙe suna cikin masu shi. William Julius Wilson ya yi hujja tun 1978 cewa a Amurkar zamani matsayin tattalin arziki ya fara rinjayar launi wajen tsara rayuwar baƙar fata, daga baya kuma ya goyi bayan shirye-shiryen da za su amfani kowa. Hujjar tana da ƙarfi. Shirin da aka yi don kowa yana samun masu kare shi da yawa, wanda aka yi don wasu kaɗan kuwa da an canza gwamnati ake yanke shi. Kuma na ga yadda manyan kamfanoni suke son maganar launi da jinsi fiye da maganar albashi, domin naɗa mace baƙa ɗaya a kujerar darakta ya fi arha a kan ƙara wa masu shara dubu kuɗi. In wannan ne ake sayar maka, ka yi daidai da ka ƙi saye.

Ni ra'ayina, a yi shirin don kowa, sannan a zauna a karanta sashen da ya lissafa waɗanda bai shafa ba. Dokokin 1935 don ma'aikata aka yi su, da sunan haɗin kan talakawa, amma a wannan sashen aka zubar da 'yan aikin gida. Ƙa'idar General Motors ta ƙungiyar ƙwadago ce. Kan talakawan a rabe yake kafin wani ya buɗe baki ya faɗa.

Afirka ta Kudu ta nuna yadda gyaran yake a aikace. Ƙasar tana da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki, ta 1993, wadda ta rufe kusan kowa amma ta cire 'yan aikin gida, waɗanda mafi yawansu mata ne baƙaƙe. Maria Mahlangu ta yi shekara 22 tana aiki a gida ɗaya a Pretoria. A watan Maris na 2012 tana goge tagogi ta zame daga kan tsani ta faɗa tafkin wanka na gidan. Ba ta iya iyo ba, idonta ma ba ya gani sosai, a nan aka tarar da gawarta. 'Yarta Sylvia, wadda da albashin uwar take rayuwa, ta je ma'aikatar ƙwadago neman diyya aka ce doka ba ta san da uwarta ba. Ita da ƙungiyar 'yan aikin gida suka shiga kotu. A watan Nuwamba na 2020 kotun tsarin mulki ta soke wannan cirewar, kuma a cikin hukuncin ta faɗa ƙarara cewa wariyar ta launi ce da jinsi da matsayi a haɗe, abin da alƙalin Missouri ya ƙi yi shekara 44 kafin nan. Tsarin mulkin ƙasar ya sauƙaƙa mata, don ya haramta wariya bisa dalili ɗaya ko fiye da ɗaya. Kotun ba ta ƙirƙiro wata asusu ta musamman don mata baƙaƙe ba. Ta sa su ne cikin wadda sauran ma'aikata suke ciki, ta kuma ce hukuncin ya koma baya har zuwa 27 ga Afrilu 1994, don waɗanda suka ji rauni tun lokacin su ma su nema. Daga Maris na 2022 kuma aka daidaita mafi ƙarancin albashin 'yan aikin gida da na sauran ma'aikatan ƙasar.